Kafin ka hau tsaunin Mambila: waya, kuɗi da yadda ake shiga garin mutane

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Kubwa. Ofishinmu zai tura ni tare da wata abokiyar aikina mu yi mako uku muna zagaya ƙauyukan ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, domin mu duba halin da rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitoci suke ciki. Ban taɓa zuwa yankin ba. Wane layin waya ya kamata in riƙe, yaya zan yi da kuɗi, kuma me zan kiyaye a mu'amalata da mutanen wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin lafiyar dabbobi daga nan Jos, kuma aikin ya sha kai ni rugage da ƙauyukan kudancin Filato, da kwarin Binuwai, da kan tsaunin Mambila inda za ka je, saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa maka abin da idona ya gani ne. Na lura ka fara da waya, ka bi da kuɗi, ka ajiye mu'amala a ƙarshe. Zan bi jerinka yadda ka kawo shi, amma ka sani tun yanzu cewa ta ƙarshen nan ita ce take ɗauke da sauran, domin wanda zai nuna maka tudun da sabis yake kamawa, da wanda zai ranta maka kuɗin mai ranar da na'urar POS ta ƙi aiki, da wanda zai goya ka a babur cikin dare zuwa asibiti, duk mutanen garin ne, kuma yadda ka shigo musu a ranar farko shi zai sa su yi maka hakan da zuciya ɗaya ko su tsaya suna kallonka.

Bari in fara kwatanta maka wurin. Hedkwatar ƙaramar hukumar ita ce Gembu, a kan tsaunin Mambila da ke iyaka da Kamaru. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, wato ya ɗara Jos da take kimanin mita 1,200, kuma a wannan shiyyar ce, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, ƙololuwar Chappal Waddi take, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijeriya da mita 2,419. Babbar hanyar mota ita ce wadda ta taso daga Jalingo ta bi Bali, ta wuce Serti, ta isa Mayo Selbe a gindin dutsen, sannan ta fara hawa tana lanƙwasa har ta fito sama wajen Maisamari da Nguroje kafin Gembu. Daga Abuja zuwa Jalingo yini guda ne, daga Jalingo zuwa Gembu ma ka ba shi yininsa, kuma kada ka yarda a hau da kai dutsen nan ko a sauko da kai da dare ko cikin hazo mai kauri, komai gwanintar direba. Yankin yana cikin ɓangaren Kamaru da Ingila ta riƙe, sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya shigo Nijeriya aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Wannan tarihin yana shafarka kai tsaye, domin iyalai da yawa suna da dangi a ƙetaren iyaka, kuma harshen da ya haɗa Mambilawa da Kaka da Fulani da sauran ƙabilu a kasuwa Fulatanci ne kafin Hausa, ko da yake za ka sami masu jin Hausa da Turancin buroka.

To, maganar waya. Amsar gaskiya ita ce babu layi ɗaya da zai wadatar da kai. MTN ce ta fi yawan masu amfani a ƙasar nan, kuma a mafi yawan ƙauyukan da na zaga ita ko Airtel ce ake samu, amma kowane ƙauye da layin da yake kamawa, har ma kowane gefen ƙauye, saboda tuddai da kwaruruka suna tare sabis. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, abokiyar aikinka ma haka, kuma ka tabbata an haɗa su da lambarka ta NIN tun kana Abuja ka gwada su sun yi aiki, domin idan aka rufe maka layi a can, ofishin da zai buɗe shi yana iya zama tafiyar yini. Ka kuma sani cewa wurin da aka ce maka akwai sabis yana iya wayar gari babu. Turakun sadarwa na karkara da man dizal ko hasken rana suke aiki, kuma idan motar mai ta kasa hawowa ko tsawa ta lalata na'ura, sai gari ya yi kwanaki shiru. Wani lokacin ma hukuma ce take kashewa saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumbar 2021.

Shawarata ita ce ka sayi ƙaramar waya mai maɓallai da tocila, ka sa babban layinka a ciki. Batirinta yana kwanaki, tana jure faɗuwa da danshi, kuma sau da yawa tana riƙe sabis a inda babbar waya ta gaza. Babbar wayar kuwa ka bar ta don hoto da taswira da aikin ofis, ka sa ta a yanayin nan mai alamar jirgin sama duk lokacin da ka shiga inda babu sabis, domin wayar da take ta neman turke tana shan batir sosai. Ka sauke taswirar yankin daga Google Maps tun kana da intanet mai ƙarfi; alamar da ke nuna inda kake daga tauraron ɗan'adam take zuwa, ba ta bukatar data, sai dai taswira ba za ta gaya maka cewa ruwa ya cinye gada ba. Ka tafi da fawa banki biyu da ɗan faifan sola, ka naɗe su a leda saboda ruwan sama. A garuruwan kasuwa akwai masu cajin waya da janareto, amma wutarsu tana hawa tana sauka, saboda haka ni fawa banki nake ba su, ba wayar ba.

Idan sabis ya yi rauni, ka manta da kira, ka tura saƙon tes. Kira yana bukatar sabis ya tsaya tsawon maganarku, shi kuwa tes ɗan daƙiƙu kaɗan ya ishe shi ya fita, kuma idan wanda ka tura wa ba ya kan layi ana ajiye masa har ya dawo. Haka lambobin tauraro da ake dannawa, su ma ba sa bukatar data: tun 2023 an daidaita su a duk layuka, *310# don duba kuɗi, *311# don loda kati, *312# don sayen data. A ƙauyukan bakin iyaka kuma wayarka tana iya tsallakawa ta kama layin Kamaru ba da saninka ba, ta cinye maka kuɗi da farashin ƙasar waje, don haka ka kashe wannan damar a saitin wayar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122, ka haddace su, amma ka san cewa motar agaji ba ta isa ƙauyen da babur kaɗai yake shiga.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne yarjejeniyar da za ka yi da gida da ofis kafin ka tashi. Ku tsayar da lokaci, misali kullum bayan magariba za ka tura saƙo, kuma ku yarda cewa shirun kwana ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Idan ya wuce haka, ga mutum uku da za a kira: mai masaukinka, da direba ko ɗan acaɓan da yake yawo da kai, da wani jami'i a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ka rubuta lambobin nan a takarda biyu, ɗaya a gida ɗaya a aljihunka, domin waya tana ɓata ko ta faɗa ruwa. Ku kuma ajiye wata kalma tsakaninku da iyalinka, saboda 'yan damfara sukan kira iyalin matafiyi su ce ya yi haɗari a turo kuɗi. Kada ka riƙa sa hoton inda kake a Facebook ko WhatsApp kana nan a wurin, kuma kada ka bayyana wa kowa a tasha ranar da za ka bi wace hanya. Hoto yana iya jira har ka dawo Kubwa.

Ka kuma san cewa saƙo a karkara yana da hanyoyinsa da suka girmi waya, kuma har yau suna aiki. Direban motar kasuwa yana kai takarda, ɗan acaɓa yana kai magana, ana sanarwa a masallacin Juma'a da coci ranar Lahadi, mai unguwa kuma yana da mai shela. Idan kana son mutanen wani ƙauye su san za ka zo ranar Laraba, aika wa jauro, wato mai garin, ta bakin mutum ya fi kira goma da ba sa shiga. Idan kuwa wani daga cikinsu ya yi maka filashin, ka kira shi; ba raini ba ne, kati ne babu, kuma wanda ba ya karatu saƙon murya ya fi masa sauƙi.

Kuɗi kuwa maganarsu gajeriya ce. Ka ɗauki Jalingo a matsayin wuri na ƙarshe da za ka dogara da banki da na'urar ATM, abin da ka samu a gaba ƙari ne. Masu POS sun bazu sosai, musamman bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, amma na'urarsu ma sabis take jira, kuɗin hannunsu kuma yana ƙarewa, ladarsu tana ƙaruwa gwargwadon nisansu da banki. Ka riƙe tsabar kuɗin da za su ishe ka aƙalla mako guda, mafi yawansu 'yan 200 da 'yan 500 masu lafiya, domin canji yana wuya kuma ana ƙin karɓar yagaggu, ka raba su wuri uku. Ka riƙe katin banki biyu, ka haddace lambar tauraron kowannensu, kuma duk lokacin da na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba ka karɓi rasit ɗin ka adana, domin sau da yawa an riga an cire kuɗin. Kada ka yi wa ɗan acaɓa ko mai kwalekwale turansifa ka ce alat zai shigo. Shi mai zai saya yanzu a wajen 'yan bumburutu, waɗanda kwalba suke aunawa kuma da tsada fiye da gidan mai. A kasuwannin iyaka za ka ga sefa, kuɗin Kamaru, tana yawo, ka bar ɗan gari ya yi maka canji idan bukata ta kama.

Zirga-zirgarka mafi yawa a babur za ta kasance. Ka nemi mai masaukinka ko shugaban 'yan acaɓan garin ya haɗa ka da mutum ɗaya sananne ku yi jinga ta yini ko ta mako, ku fayyace wa zai sayi mai, maimakon ka riƙa tare duk wanda ya zo wucewa. Ka tsara tafiyarka bisa ranakun kasuwa, domin ranar ce ake samun mota, da mai POS, da mai kemis, da kuma mutanen da kake nema. Idan kana tambayar nisa, kada ka tambayi kilomita, kuma kada ka dogara da "nan kusa ne", domin kusan wanda ya saba taka tuddan nan da ƙafa dabam yake da naka. Ka ce, idan na tashi bayan asuba a babur, yaushe zan isa, da hantsi ko da azahar? Ka ƙara da cewa, idan an yi ruwa fa? Damina a can tana da tsawo da ƙarfi, daga wajen Afrilu har Oktoba, jar ƙasar kuma tana santsi, rafin da ka tsallaka da safe yana iya hana ka dawowa da yamma. Inda ake fito da kwalekwale, kamar a kogin Donga, maganar mai fito ita ce magana. Idan ya ce a jira ruwa ya sauka, a jira.

Ka riƙe katin shaidar aiki, da takardar NIN, da wasiƙar gabatarwa daga ofishinku mai bayyana aikin da kwanakinsa, ka yi mata kwafi da yawa. Akwai shingayen sojoji da 'yan sanda da kwastam da jami'an shige da fice, kasancewar wurin iyaka ne. Ka gaishe su, ka amsa abin da aka tambaye ka, kada ka ɗaga waya a wurin. Idan ofishinku yana tunanin amfani da ƙaramin jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto, wannan yana bukatar izinin hukuma tun daga Abuja. Shiga gandun Gashaka-Gumti ma sai da izinin ofishinsu na Serti da rakiyar ma'aikacinsu.

Ta fuskar lafiya, ƙasa biyu za ka ratsa. Bali da Serti zafi da sauro, kan dutse kuma sanyin da ya fi na Jos da dare, saboda haka ka haɗa gidan sauro da rigar sanyi da rigar ruwa da takalmi mai rufe ƙafa a jaka ɗaya. Ina roƙonka kada sanyi ya sa ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko janareto kusa da taga. Hayaƙinsu ba ya wari yadda za ka farga, kuma mu a nan Filato mun rasa mutane ta wannan hanyar. Duk maganin da kake sha kullum ka saye shi a Abuja ya ishe ka har da rara. Ka tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa; idan ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna yin aikin. Madarar da aka tatso yanzu sai an tafasa ta, domin akwai cututtukan shanu, irin su bakkale da tarin fuka, da suke bi ta nan su kama mutum. Idan kare ya ciji ɗayanku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nemi allura ba tare da jira ba. Saran maciji kuwa, musamman kububuwa da take yawa a kwarin Binuwai, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan fannin, amma ya yi maka nisa, don haka ranar da ka isa Gembu ka je babban asibitin garin ka tambayi inda ake samun allurar dafi, tun ba ka bukace ta ba.

Yanzu ga abin da na ce shi yake ɗauke da sauran. Ba a shiga gari ta baya. Ka fara da sakatariya, ka gabatar da kanka ga baturen 'yan sanda, ka je fadar sarki, daga nan za a haɗa ka da hakimi, shi kuma ya tura ka ga jauro ko mai unguwa, idan ruga ce kuma ga arɗo. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne, kwana biyu cikin ashirin da ɗaya sun tafi a gaisuwa, amma da ɗan gari akan ci gari. Ina sabon shiga aiki muka taɓa isa wata ruga da allurar rigakafin shanu ba mu bi ta wajen arɗo ba, muna ganin takardar gwamnati da ke hannunmu ta isa. An karɓe mu da fara'a, an shimfiɗa tabarma, an kawo kindirmo, sai dai aka ce shanu sun tafi kiwo da nisa, washegari ma haka aka ce. Kafin mu fahimci abin da ake gaya mana ƙanƙarar da ke riƙe da allurar ta narke, maganin ya lalace. Da muka dawo ta hannun arɗo, da goro da bayani, kafin hantsi an tara mana garke. Har yau ina jin zafin asarar maganin nan, domin shanun mutane ne suka zauna babu kariya saboda gaggawarmu.

Daga wannan ka ɗauki wani darasi game da magana. Mutumin karkara, musamman Bafulatani mai riƙo da pulaaku, wato kunya da kawaicin Fulani, ba ya cewa baƙo a'a a fuska. "To" sau da yawa ma'anarta na ji ka, "sai mun yi shawara" kuma tana iya zama ƙi cikin ladabi. Kai ma kada ka faɗa kan abin da ya kawo ka daga zama. Ka yi sallama daga waje, ka cire takalmi da baƙin tabarau, ka zauna inda aka nuna maka, ka gaida babba ka tambayi gida da iyali da damina da dabbobi, ka bar shi ya tambaye ka hanya da gajiya, sannan mai gabatar da kai ya buɗe maganar. Ka miƙa abu ka karɓa da dama. Ko kalma uku na Fulatanci suna buɗe fuska: "A waali jam?" da safe, amsarta "Jam", da "Useko" don godiya. Kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa. Baƙo mai biro da takarda yana tambayar adadi har yau harajin jangali yake tuna wa mutane, ban da cewa ƙirga dukiyar mutum a gabansa abin ƙi ne. Haka nan kada ka matsa wa uba ko uwa su faɗi sunan ɗan fari, kunya ce take hana su.

Za a kawo maka ruwa, kuma ƙin karɓa yana da nauyi. Idan kana shakkar tsabtarsa, ka karɓa da hannu biyu ka kai baki ka yi godiya, daga baya ka nuna sha'awar shayi, wanda tafasasshe ne kuma ba ya wuya a ƙasar da ake noman ganyensa a Kakara. Abinci ma ka ci ko kaɗan ne. Kada ka zaro kuɗi ka ce nawa ne. Mai masauki ba mai otal ba ne. Ka zo da tsaraba tun farko, goro da sukari da sabulu da ganyen shayi, ranar tafiya kuma ka ba uwargida wani abu ta hannun maigida ka ce na cefane ne ko na yara. Yaron da aka aiko ya raka ka ko ya kawo maka saƙo, ka ba shi tukuici.

Aikinka na duba rijiyoyi da asibitoci yana da wani haɗari na musamman, wato alkawari. Mutanen nan sun ga baƙi da yawa sun zo da littafi sun rubuta sun tafi. Idan ka ce "za mu duba", su abin da suka ji shi ne za a gyara, kuma jauron da ya tara maka jama'a shi za a riƙa tambaya bayan ka tafi. Ka faɗa a fili a gaban kowa cewa kai aikinka ka gani ka rubuta ka kai, ba kai kake yanke hukunci ba, kuma kada ka rubuta sunayen mutane sai ka bayyana dalili, domin jerin sunaye a ƙauye rabon tallafi yake nufi, wanda ba a rubuta ba kuma zai ƙullaci wanda aka rubuta. Rashin bayani irin wannan yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, aka sha wuya kafin a dawo da yardar jama'a.

Sannan ka yi taka-tsantsan da abin da ka tarar tsakanin mazauna wurin. Batun fili da kiwo a kan tsaunin nan yana da zafi, kuma a watan Yunin 2017 an yi mummunan rikici da ya ci rayuka. Mu mutanen Jos, tun daga 2001 mun san yadda kalma ɗaya daga bakin baƙo take iya tayar da tsohon miki. Kada ka tambayi wa ya riga wa zuwa, ko filin wa ne wannan, kuma idan aka kawo maka ƙorafin wani ɓangare ka saurara ka yi addu'ar zaman lafiya ka tsaya nan. Idan ka duba rijiyar wannan unguwa, ka duba ta waccan. Idan ka gaida liman, ka gaida fasto. Ka lura da wanda aka ba ka a matsayin tafinta, domin shi ma ɗan wani gida ne, kuma akwai abin da ba za a faɗa a gabansa ba. Inda hali ya yi, ka sauya tafinta idan ka sauya unguwa. Akwai kuma kurmi ko dutse ko tafki da masu gari suke girmamawa bisa al'adarsu, ka tambaya kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto, kamar yadda za ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mace ko yaro.

Abokiyar aikinka kuwa, ina ganin rabin nasarar tafiyar a hannunta take. Kai a zaure za ka tsaya, ita ce za ta shiga cikin gida, kuma mata su ne suka san rijiyar da take ƙafewa a watan Maris, da wadda ruwanta yake sa yara gudawa, da ko ma'aikacin asibiti yana kwana a garin ko sai ranar kasuwa ake ganinsa. Maza a gaban jauro sukan faɗi abin da ya dace a faɗa, mata a tsakar gida sukan faɗi abin da yake faruwa. Ta sa sutura mai yalwa da mayafi, wadda kuma za ta iya hawa babur da ita, ta nemi tafinta mace, a sauke ta a wajen matan gidan mai gari. Kai kada ka miƙa wa matar aure hannu, ita ma ta bar namiji ya nuna ko yana musabaha ko ba ya yi. A wajen taro ka gabatar da ita da matsayinta na aiki a sarari, domin a ba ta girman da ya dace.

Ranar da za ku bar kowane ƙauye, ku koma wajen jauro ko arɗo ku yi sallama, ku gaya masa a taƙaice abin da kuka gani da abin da za ku rubuta, ya ji daga bakinku kafin ya ji daga wani. Haka za ku yi a fada da sakatariya kafin ku sauko, kuma ku bar Gembu da sassafe domin ku sauka dutsen da rana. Idan ka isa Kubwa, ka kira mai masaukinka da ɗan acaɓanka ka ce kun sauka lafiya, domin suna nan suna jiran wannan kiran; idan layin bai shiga ba ka tura tes, zai same su ranar da suka hau tudu. In rahoton ya fito, ka buga kwafi ka aika wa sakatariya da fada ta hannun direban motar Gembu a tashar Jalingo, ka rubuta lambarka a bayan ambulan.